Yadda Ake Haɗa Wayoyin Sensa da Tamfa na Ƙararrawar Ɓarayi a Gida

Ƙararrawar ɓarayi mai waya aiki biyu ne a kanta. Na farko, ta yi kuka idan aka buɗe ƙofa ko wani ya gifta a ɗaki bayan an kunna ta. Na biyu, ta tsare kanta da kanta: in aka cire murfin sensa, ko aka datse waya, ko aka ɓalle jiniya daga bango, ta tona ko da a kashe take da rana tsaka. Wannan na biyun shi ne tamfa, kuma shi masu koyo suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin maigida ba ya ganinsa ranar da ake miƙa masa aiki. A Legas kuwa gida ba ya rabuwa da masu shige da fice: mai gyaran eyakwandishan, mai fenti, mai ɗaura dish, sabon maigadi. Wanda ya yi niyyar lalata ƙararrawa da rana zai lalata ta, lokacin da take kashe, sannan ya dawo da dare. A wannan lokacin tamfa ce kaɗai take farke.

Bayanin nan na gida ne matsakaici, ɗaki uku ko huɗu da falo, da fanel mai zon 8. Fanel shi ne ƙwaƙwalwar ƙararrawa, inda wayoyin sensoci duka suke komawa, zon kuma kowane layi ne da fanel yake sa wa ido daban.

Kayan da za ka tanada

- Fanel da akwatinsa, da allon lambobi na kunnawa da kashewa
- Batir 12V 7Ah, irin na UPS
- Sensar motsi, wadda ake rubuta wa PIR a kwali
- Sensar ƙofa mai maganaɗisu. Ta ƙofar ƙarfe daban take da ta katako
- Jiniyar waje mai batirinta a ciki, da ƙaramar jiniyar cikin gida
- Kebul ɗin ƙararrawa mai wayoyi 6 ko 8 a ciki, nadi ɗaya na mita 100, babban gida kuma biyu
- Razistocin da suka zo cikin kwalin fanel, wato 'yan ƙananan abubuwa masu ƙafa biyu da ke rage gudun wuta
- Maltimita, ƙaramar sukundireba mai faɗin baki, filaya, abin feɗe waya, injin huda bango, tsani
- Tirankin ko fayif na roba, silikon, dalma da ƙarfen narka ta, tef da alƙalamin maka

Kebul shi ne inda aka fi cutar mutum. Ko a kasuwar Alaba ka saya ko a ta Computer Village, ka tafi da mitarka. Auna waya ɗaya daga farkon nadin zuwa ƙarshensa: tagulla ta gaske a mita 100 tana ba da wajen om 8. In ka ga 12 ko fiye, ko dai alminiyon ne aka yi wa rigar tagulla, ko kuma wayar ta fi yadda aka rubuta siranta. Kankare ta da wuƙa ka duba. Wadda take ja a waje fari a ciki, bar ta, tana karyewa a bakin sukuru kuma danshi yana cin ta. Wadda take fara a waje ja a ciki tagulla ce da aka shafa wa kuza, ita ce ta fi dacewa da gidajen da iskar teku ke bugu, irin su Lekki da Ajah da Victoria Island. In kebul ɗin ƙararrawa ya gagara, na intanet Cat5e ko Cat6 zai yi, muddin tagulla ce zalla. Sai dai wayarsa sanda ɗaya ce, ba ta son a lanƙwasa ta sau da yawa.

Fanel ɗin tokumbo da ya fito daga Amurka yakan zo da tiransifomar 120V. Wutarmu 230V ce. Ka karanta jikinta kafin ka jona. In ta Amurka ce, nemi mai karɓar 230V ta fitar da abin da fanel yake so, yawanci 16.5V AC.

1. Zagaya gidan ka raba zon

Ɗauki takarda ka zana gidan. Kowace sensa ka ba ta zon nata in dai fanel zai ɗauka, domin ranar da ƙararrawa ta tashi da ƙarfe uku na dare, abin da Alhaji yake son gani a allo shi ne "ƙofar kicin", ba "wani wuri a ƙasa" ba. Rabo mai kyau: zon 1 ƙofar shiga, 2 falo, 3 ƙofar kicin, 4 matakala ko korido, 5 tagogin baya, 6 ɗakin maigida, 7 gareji ko sito, 8 maɓallin neman agaji. Ɗakunan kwana a ba su sensar taga maimakon ta motsi, don a iya kunna ƙararrawa da dare mutane suna ciki.

2. Kafa fanel

Kada fanel ya zauna kusa da ƙofar shiga. Allon lambobi ne ke zama a nan. Fanel a ɓoye shi a sito ko saman wadirob, a wurin da ba za a kai gare shi ba sai an gifta gaban sensa, kuma inda iska ke shiga, saboda zafi yana rage wa batir kwana. Akwatin yana da maɓallin tamfa na murfi, wasu kuma har da na baya, wanda ke danne a jikin bango. In filastar bangon ba ta miƙe ba, saka ɗan katako a bayan maɓallin ya danne sosai.

Wuta ka ɗauko ta kai tsaye ta gidan fis mai 3A marar makunni, kada ka sa ta a soket ɗin da wani zai zare don cajin waya. In gidan yana da inbata, a layinta za ka ɗora fanel. Ka sa abin kare hauhawar wuta a gabansa. In ba ka iya aikin 230V ba, kira mai aikin lantarki ya yi wannan ɓangaren. Ko ma wa zai yi, a sauke bireka tukuna, kuma kada a ba fanel wuta ko batir sai an gama dukkan sauran haɗi.

3. Ja kebul

Kowace sensa kebul nata daga fanel, ba yanka ba ɗori. Bar rarar santimita 30 a wajen sensa, rabin mita zuwa mita ɗaya a wajen fanel, ka rubuta sunan wurin a tef a kai biyun tun kafin ka ja na gaba.

Kada kebul ɗin ƙararrawa ya shiga fayif ɗaya da wayar wuta. In suna tafiya gefe da gefe, ka raba su da kamar santimita 30. In dole su haɗu, su gicciye juna. Wayar katangar lantarki, mai ɗauke da dubban volt daga injinta zuwa saman katanga, ita ma a yi nesa da ita sosai, don bugun da take yi kowane daƙiƙa yana iya shiga layin zon. A cikin silin na POP a sa kebul cikin fayif, in ba haka ba ɓeraye za su gwada haƙoransu a kai. In ɗori ya zama dole, a like shi da dalma a cikin ƙaramin akwati mai tamfa. Murɗa waya a naɗe da tef ba ɗori ba ne a garin da ake ruwa kamar na watan Yuni. Kafin shekara ta zagayo ya yi kore.

Tsayar da launi ɗaya a gidan gaba ɗaya. Abin da aka saba: ja 12V, baƙi 0V, shuɗi da rawaya na zon, kore da fari na tamfa. Waɗanda suka rage kada ka yanke su, naɗe su a baya, wata rana za su cece ka daga sake fasa silin.

4. Zaɓi yadda tamfa za ta koma fanel

Nan ne zuciyar aikin. Kowace sensar motsi tana da makunni biyu a ciki, dukansu a rufe suke idan lafiya lau: na ƙararrawa, wanda ke buɗewa in an ga motsi, da na tamfa, wanda ke buɗewa in an ɗaga murfi. Hanya uku ake bi a kai labarinsu fanel.

Hanya ta farko ita ce tsohon yayi, tamfar gama-gari. Shuɗi da rawaya su tafi gurbin zon. Kore da fari na dukkan sensoci kuma a jera su ɗaya bayan ɗaya a cikin akwatin fanel: koren sensa ta 1 ya shiga gurbin tamfa na farko, farinta a haɗa shi da koren ta 2, farin ta 2 da koren ta 3, har farin ta ƙarshe ya shiga gurbin tamfa na biyu. A jere, ba a tattara korayen wuri ɗaya fararen wuri ɗaya ba. Wanda ya tattara su haka, sai an buɗe murfin duka sensocin lokaci guda kafin tamfa ta tashi, wato ba shi da tamfa ke nan. Aibin wannan hanya biyu ne: ba ta faɗa maka wace sensa aka taɓa, kuma in aka feɗe kebul aka haɗe shuɗi da rawaya, fanel zai ɗauka ƙofa a rufe take har abada.

Hanya ta biyu razista ɗaya a ƙarshen layi. Ana jera ta da makunnin ƙararrawa a cikin sensa, sai fanel ya riƙa auna layin. Ya ga adadin razistar, lafiya. Ya ga layi ya yanke ko ya haɗe, matsala. Ta toshe ɓarakar haɗe waya, amma ba ta bambanta buɗe ƙofa da datse kebul.

Hanya ta uku razista biyu, ita ce a littattafan fanel ake rubutawa DEOL, kuma ita nake ba da shawara duk inda fanel ya yarda. Waya biyu kacal suke ɗaukar ƙararrawa da tamfa tare. A ɗauki misalin fanel ɗin Texecom Premier Elite, mai amfani da razista 2.2k da 4.7k (k na nufin om dubu):

- Wayar zon ta farko ta shiga gurbin tamfa na farko a cikin sensa.
- Razista 2.2k ta tashi daga gurbin tamfa na biyu zuwa gurbin ƙararrawa na farko.
- Razista 4.7k ta haye guraben ƙararrawa biyun, ƙafa ɗaya nan ɗaya can.
- Wayar zon ta biyu ta shiga gurbin ƙararrawa na biyu.

Idan komai lafiya, makunnin ƙararrawa a rufe yake, wuta ta tsallake 4.7k, fanel ya ga 2.2k. In an ga motsi makunnin ya buɗe, dole wuta ta bi ta razista biyun, fanel ya ga 6.9k. In an ɗaga murfi ko an datse kebul, layi ya yanke gaba ɗaya, tamfa. In an haɗe wayoyin a hanya, fanel ya ga kusan sifiri, nan ma ya kai ƙara. Hali huɗu a kan waya biyu.

Kowane kamfani da nasa adadin, kada ka ɗauki na wani ka kai wa wani. DSC PowerSeries 5.6k yake amfani da ita: lafiya 5.6k, ƙararrawa 11.2k. Honeywell Vista 2k. Paradox 1k. Littafin fanel ɗinka shi ne alƙali. Launukan zoben razista: 2.2k ja, ja, ja; 4.7k rawaya, shunayya, ja; 5.6k kore, shuɗi, ja. 1k ruwan ƙasa, baƙi, ja. Duk da haka auna kowace da mita, domin a cikin duhun silin ja da ruwan ƙasa kama suke yi. In wata ta ɓace, masu gyaran rediyo da talabijin suna da su, kuma ana iya jera biyu: 1k da 1.2k su ba da 2.2k, 4.7k da 1k su ba da 5.7k, wanda ya isa ya tsaya a madadin 5.6k.

Babban kuskuren da ake yi, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar, shi ne ɗaure razista a gurbin fanel don gudun hawa tsani. Allo zai nuna komai lafiya, maigida ya biya kuɗi, amma kebul ɗin tun daga fanel har sensa ba mai tsaronsa. Kamar a ɗauki maigadi ne a zaunar da shi a uwar ɗaka. Razista a cikin sensa take zama, a ƙarshen layi. Wuri ɗaya ne ya halatta ta zauna a fanel: zon da ba a amfani da shi, in ba a kashe shi a saiti ba.

5. Ɗaura sensar motsi

Tsayinta daga ƙasa mita 2.1 zuwa 2.4, a kusurwar ɗaki. Yawancinsu suna ganin kamar mita 12. Ta fi kama wanda ya gifta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye, don haka ka sa ta inda mai shigowa zai ratsa. Kada ta fuskanci tagar da rana ke faɗowa, ko bakin eyakwandishan, ko labulen da fanka ke kaɗawa, ko murhu. Gareji da ɗakin janareta, inda zafi ke hawa da sauka, a sa musu mai ido biyu, wadda sai zafin jiki da motsi sun haɗu take tashi. Gidan da ke da kyanwa a nemi wadda ba ta kula ƙananan dabbobi.

Buɗe murfin, zare allon ciki a hankali, kada yatsanka ya taɓa ɗan idon da ke tsakiya. Huda ramin kebul daidai kaurinsa, ɗaure gindin a bango. Kada ka matse sukuru har roba ta lanƙwashe. Gindin da ya karkace ba ya barin murfi ya danne maɓallin tamfa. Feɗe kowace waya milimita 5 zuwa 6, murɗe ta, saka, ɗaure, sannan ka ɗan ja ta ka ji ko ta kama. Ja a 12V, baƙi a 0V. Ƙafafun razista kuma ka zura musu rigar wayar da ka feɗe, don kada su taɓa juna ko allon lokacin rufe murfi. Wasu sensocin zamani suna da razistocin a jikinsu, da 'yan fil da ake zaɓa. In ka yi amfani da su kada ka ƙara na waje.

Toshe ramin kebul da silikon. Tururuwa da ƙananan kyankyasai suna son ɗumin cikin sensa, kuma ƙwaro ɗaya da ya bi ta kan idon ya isa ya tashi unguwa.

6. Sensar ƙofa da taga

Maganaɗisu a jikin ƙofa, ɓangaren waya a jikin firam, a sama, ta gefen da ke buɗewa ba ta gefen hinji ba. A gefen hinji mutum zai iya shigewa kafin su rabu. Tazararsu in an rufe kada ta wuce milimita 5 zuwa 10.

Ƙofofin ƙarfe da suka cika gidajen Legas, daga Agege har Ikoyi, suna shanye ƙarfin maganaɗisu. Sensar da ke kamawa daga santimita 2 a katako, a ƙarfe sai ta koma rabin haka ko ƙasa. Sa mata matashin roba mai kauri a ƙarƙashin ɓangarorin biyu, ko ka sayi babbar ta ƙarfe. Gwada ta da mita kafin ka huda: rufe ƙofar, jijjiga ta kamar yadda iskar hadari za ta yi, ka ga ko layin zai yanke.

Tagar alminiyon mai turawa ganye biyu gare ta, kuma duka suna motsi. Sa wa kowane sensa, ko ka kafe ɗaya da sukuru. Kada ka ce ai akwai ƙarfen taga. Ana yanka shi.

Sensar ƙofa ta gama-gari tana da sukurori biyar: biyu farare su ne makunnin, sauran na ruwan tagulla ba a haɗe suke da komai ba, wurin ɗaure razista ne. Wayar zon ta farko a sukurun tagulla tare da ƙafar 2.2k, ɗayar ƙafar a farin sukuru na farko, 4.7k ta haye fararen biyu, wayar zon ta biyu a fari na biyu. Ka sani irin wannan ba ta da maɓallin murfi, kebul kawai tamfarta ke tsarewa. Ƙofar waje a ba ta mai maɓalli.

In zon ya yi kaɗan, ana iya jera tagogi biyu ko uku a zon ɗaya: kowace da 4.7k tata a haye, 2.2k guda ɗaya tak a ta ƙarshe. Taga ɗaya a buɗe 6.9k, biyu 11.6k, uku 16.3k. Kowane fanel yana da iyakar da in aka wuce zai karanta tamfa, don haka duba littafi kafin ka wuce biyu. Sensocin motsi kuwa kada ka haɗa su zon ɗaya.

7. Jiniyar waje

Ɗaura ta can sama inda sai da tsani, kebul ya fito ta bayanta kai tsaye, kada a ga ko taƙi ɗaya a waje. Huda bangon da gangara zuwa waje don ruwan sama kada ya bi kebul ya shiga ɗaki, ka toshe da silikon.

Yawanci waya biyar take ci: 12V na dindindin, 0V, wayar tada kuka, wayar fitila, da wayar dawowar tamfa. Batirin cikinta shi ne sirrinta: in aka datse kebul, ta rasa 12V, sai ta kama kuka da kanta. Tamfarta biyu, ta murfi da ta bango. Tabbatar sukurun da ke bayan ta bangon ya kama bulo, ba filasta kawai ba. Batirinta shi ne abu na ƙarshe da za ka jona, kuma ka riƙe tsani da kyau, don wasu suna ɗan yin ƙara da zarar an jona.

Jiniya tana jan wuta. A ce tana jan 400mA a nisan mita 50: zuwa da dawowa om 8 ke nan, za a yi asarar 3.2V a hanya. Maganinsa ka ninka wayoyi, biyu a 12V biyu a 0V, shi ya sa kebul mai 8 ya fi dacewa da ita. Sensar motsi mai jan 15mA ba ta da wannan damuwar.

8. Auna kafin ka ba da wuta

Kowane kebul a auna shi ta wajen fanel tun bai shiga gurbi ba. Juya mita zuwa 20k. Kada ka sa ta a wurin da take ƙara, don razista 2.2k ba za ta bar ta ta yi ƙara ba, sai ka zaci waya ta tsinke.

Sensar ƙofa: a rufe 2.2k, a buɗe 6.9k. Sensar motsi kuwa 6.9k za ka gani, kuma daidai ne, domin makunninta a buɗe yake muddin ba wuta. Masu koyo da yawa sukan kwance haɗi mai kyau saboda wannan. Sa yaronka ya ɗaga murfin, mita ta nuna OL ko 1 a gefen hagu. Ya mayar, adadin ya dawo. Sannan auna tsakanin ja da baƙi ka tabbatar ba su haɗe ba, da tsakanin wayar zon da baƙi. Rubuta adadin kowane zon a takarda ka manna a cikin murfin fanel.

9. Wuta, batir da saiti

Wasu kamfanoni batir suke so a fara jonawa, wasu wutar gida, bi littafi. Bayan ta kama, auna gurbin AUX, wanda ke ba sensoci wuta, da wayoyin cajin batir, ka ga tsakanin 13.5V da 13.8V. Je sensa mafi nisa ka auna, kada ta gaza 12V. Ba sensocin minti ɗaya zuwa biyu su daidaita.

Yi lissafin batir. Misali fanel 120mA, allon lambobi 80mA, sensar motsi biyar 75mA, jiniya a zaune 25mA: jimla 300mA. Batir 7Ah a takarda awa 23 ne, a zahiri ka ƙaddara 15 ko 16, kuma yana raguwa da tsufa. A unguwar da wutar NEPA ke yin kwana biyu ba ta leƙo ba, kuma ba inbata, nemi akwati mai ɗaukar 17Ah in cajar fanel za ta iya da shi. Batirin da ya sha sauka ƙasa da 10.5V ba ya komawa daidai.

A saiti, faɗa wa fanel irin haɗin da ka yi wa kowane zon. In ka haɗa razista biyu shi kuma yana jiran ɗaya, ba abin da zai daidaita. Ƙofar shiga a ba ta jinkirin daƙiƙa 30 zuwa 45, sensar da ke kan hanyar zuwa allon lambobi ta bi jinkirin ƙofar, saura su tashi nan take, maɓallin agaji ya zama na awa 24. Kukan jiniyar waje minti 3 zuwa 5 ya isa. A saita tamfa ta yi ƙara a cikin gida kawai in ƙararrawa tana kashe, ta tada komai in tana kunne. Canza lambobin sirrin da suka zo daga kamfani, na mai haɗawa da na maigida. 1234 kowa ya san ta. In akwai na'urar kira mai layin waya, a riƙa sa mata kuɗi don kada a rufe layin.

10. Gwaji

Sanar da maƙwabta da maigadi tukuna. Shiga yanayin gwajin tafiya, ka ratsa kowane ɗaki, ka buɗe kowace ƙofa da taga, kana duba sunan da ke fitowa a allo. Sai ka fita daga saitin mai haɗawa, domin fanel da yawa suna yin shiru da tamfa a cikinsa. Ƙararrawa tana kashe, ɗaga murfin kowace sensa, da na allon lambobi, da na jiniya, da na fanel, ɗaya bayan ɗaya. A zon ɗaya ka haɗe wayoyin biyu da ɗan guntun waya ta wajen sensa, kafin razista, ka ga fanel ya kai ƙara. Daga ƙarshe sauke bireka na minti goma, ka tada jiniya a kan batir kaɗai.

In tamfa ta ƙi kwanciya

Cire wayoyin zon ɗin daga fanel ka sa razista 2.2k a gurbinsu na ɗan lokaci. In matsalar ta tafi, tana waje. In tana nan, saiti ne ko fanel. Kada ka manta ka cire razistar bayan gwajin. A waje fara da murfi: danna shi da yatsa kana kallon mita. Sau da yawa ɗan sifirin da ke kan maɓallin ne ya faɗi, ko rarar kebul ta tokare murfin.

A tamfar gama-gari raba jerin biyu ka auna kowane rabi, ka sake raba wanda ya yanke, har ka isa kan mai laifin.

Adadin da ke yawo, yau 2.3k gobe 2.9k, alamar tsatsa ce a sukuru ko ɗorin da ruwa ya shiga, kuma da damina ya fi fitowa. Yanke bakin wayar, feɗe sabo, sake ɗaurewa. Ƙararrawar da ke tashi daidai lokacin da aka juya daga NEPA zuwa janareta kuwa ba sensa ba ce, batir ne ya mutu: zare wutar gida ka auna shi yana ɗauke da kaya, in ya faɗi ƙasa da 12V cikin 'yan mintuna a sauya shi, a rubuta watan da shekarar a jikin sabon. In zon biyu ko uku suka nuna buɗe lokaci guda kuma fitilun sensocin sun mutu, duba fis ɗin AUX, sannan ka nemo inda ja da baƙi suka haɗe kafin ka sa wani.